Firintar da Ta Yi Shiru a Daka

Da safiyar Juma'a, 5 ga Fabrairu 2016, jami'in da ke bakin aiki a Babban Bankin Bangaladesh ya shiga wani ɗan ƙaramin ɗaki a hedikwatar bankin da ke birnin Daka, ya tarar firinta ba ta fitar da ko takarda ɗaya ba. Wannan firinta ba ta buga wasiƙun ofis ba ce. An jona ta ne da SWIFT, hanyar da bankunan duniya ke bi su aika wa juna umarnin biyan kuɗi, kuma aikinta guda ne: duk saƙon da ya shiga ko ya fita ta buga shi a takarda nan take, dare ko rana, da mutum a ɗakin ko babu. Gari na wayewa sai ma'aikata su kwashe takardun su bi su ɗaya bayan ɗaya, su ga abin da ya gudana bayan tashinsu. A wannan safiya babu abin kwasa.

Shi da abokan aikinsa suka taɓa nan, suka taɓa can, ta ƙi. Juma'a ranar hutu ce a Bangaladesh, haka ma Asabar, don haka ofis ba kowa sai 'yan tsirarun da aiki ya faɗo kansu. Suka bar gyaran sai gobe, suka watse. Daga baya jami'in ya shaida wa 'yan sanda cewa sun ɗauka 'yar matsalar da aka saba gani ce, domin firintar ta sha yin haka a baya.

Lokacin da suke rufe ƙofar ɗakin, dala miliyan 101 sun riga sun bar asusun bankin da ke Amurka. Akwai kuma wasu dala miliyan 850 da aka nemi a fitar, an riƙe su ana jiran amsa daga Daka.

Kamar manyan bankunan ƙasashe da yawa, na Bangaladesh yana ajiye wani kaso na kuɗin ƙasar na waje a reshen Babban Bankin Amurka da ke birnin Niyok. Kuɗin nan gumin mutane ne. Akwai na matan da ke ɗinka riguna a masana'antun Daka da Citagon ana kaiwa Turai, akwai na leburorin da ke aikin gini a Saudiyya da Dubai da Malesiya suna aiko wa iyalansu abin cefane. Idan gwamnati za ta biya bashi ko kuɗin kwangila, sai a tura saƙo ta SWIFT zuwa Niyok, a ce a ciri kaza a ba wane. Ita SWIFT ba ta ɗaukar kuɗi, saƙo kawai take kaiwa. Ƙungiya ce mai mazauni a Beljiyam da ta haɗa bankuna da cibiyoyin kuɗi fiye da 11,000 a ƙasashe sama da 200, har da bankunan Najeriya da Nijar da Gana. Tsarin gaba ɗaya a kan amana ya tsayu: in saƙo ya zo ta kafar banki, da lambobin sirrinsa daidai, to shi ne ya aiko.

Ɓarayin sun shekara a cikin gidan kafin su taɓa ko sisi. Bisa takardar ƙarar da hukumar FBI ta Amurka ta gabatar wa kotu a 2018, tun a Janairun 2015 wasu ma'aikatan bankin suka samu imel daga wani mai neman aiki da ya kira kansa Rasel Ahlam. Wasiƙa ce mai ladabi, irin wadda duk mai ɗan muƙami ya saba gani: yaro yana roƙon a duba takardunsa, ga inda za a latsa a sauke su. Babu wani mai neman aiki. Mugunyar manhaja ce aka ɓoye a bayan wurin latsawar, kuma aƙalla mutum ɗaya a bankin ya latsa.

Ni ban ga wauta ko cin amana a wurin wannan mutum ba. Wanda ya buɗe takardar mai neman aiki, halin kirki ne ya sa shi, kuma 'yan kutse sun san haka, shi ya sa suke zuwa da siffar mai roƙo ko ta maigida mai gaggawa. Kowace ma'aikata tana da wanda zai latsa wata rana, komai yawan gargaɗin da aka manna a bango. Abin da ya kamata shugaban ma'aikata ya tambayi kansa shi ne me zai faru a minti goman da ke biye. Ma'aikacin zai gane cewa takardar da ta ƙi buɗewa yadda ya kamata abin tuhuma ce? Ya san wanda zai kira? In ya kira, gode masa za a yi ko takardar tuhuma za a ba shi? A wurin da kuskure ke jawo tozarci a gaban abokan aiki, mutum zai rufe kwamfutarsa ya yi gum, ya yi addu'ar Allah Ya rufa asiri. Wannan gum ɗin shi ne abin da ɗan kutse ya fi buƙata.

Daga wannan kwamfuta suka riƙa rarrafawa zuwa wata, a hankali, har suka kai ga waɗanda ake aika saƙon SWIFT da su. Suka sace lambobin sirri, suka zauna suna kallon yadda ma'aikata ke tsara saƙonninsu da lokacin da suke tashi. Hanyar ba ta yi musu wuya ba. A Afrilun 2016 wani babban jami'in sashen binciken manyan laifuka na 'yan sandan ƙasar ya gaya wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa bankin ba shi da katangar tsaron da ke tace abin da ke shiga da fita tsakanin kwamfutoci, kuma akwatunan da aka haɗa kwamfutocin da su na hannu ne, kowanne bai wuce dala 10 ba. Bankin da ke riƙe da biliyoyin daloli ke nan. Ma'aikaci yana karantar abin da shugabanninsa suka ɗauka da muhimmanci daga inda suke kashe kuɗi. In ya ga an yi wa tsaro rowa, shi ma ba zai ɓata lokacinsa a kai ba.

Suna cikin wannan jira suka shirya wurin saukar kaya. A Mayun 2015 aka buɗe asusu huɗu a wani reshen bankin RCBC da ke titin Jupiter, a unguwar Makati ta birnin Manila, ƙasar Filifins. Da takardun shaida na jabu aka buɗe su, aka zuba wa kowanne dala 500, aka bar su kwance wata tara ba shiga ba fita.

Ranar da suka zaɓa ita ta nuna cewa sun karanci mutane fiye da yadda suka karanci na'ura. Da misalin ƙarfe 8:30 na daren Alhamis, 4 ga Fabrairu, bayan ma'aikatan Daka sun tashi, suka fara aika umarni da sunan bankin. Daka tana gaban Niyok da awa 11, saboda haka a can safiya ce, ana tsakiyar aiki, za a ga saƙon a yi abin da ya ce. In Niyok ta nemi ƙarin bayani, Daka tana barci, kuma gobe Juma'a. Kafin Daka ta farfaɗo, Niyok ta shiga hutun Asabar da Lahadi. Litinin 8 ga wata kuwa ita ce ranar sabuwar shekarar Sinawa, ranar hutu a Filifins. Kwana kusan biyar ke nan da a kowannensu akwai ofis ɗin da ke kulle. Umarni 35 suka aika, jimillarsu dala miliyan 951.

Sun kuma yi maganin firintar. Masu bincike na kamfanin BAE Systems na Ingila sun gano daga baya wata manhaja da aka ƙera musamman don ta goge bayanan saƙonnin daga ma'ajiyar kwamfutar SWIFT ta bankin, ta kuma shiga tsakanin kwamfutar da firinta. Ɓarawon da ya san aikinsa kare yake fara ba wa guba, kuma maigidan da ya wayi gari bai ji haushin karensa ba, ƙofar rumbu ya kamata ya fara dubawa. To haka shirun firintar nan yake. An ajiye ta ne don ta yi magana in wani abu ya faru, shirunta kuwa shi kansa magana ce.

Amma ina tsoron mai karatu ya ɗora wa jami'in nan laifin duka ya wuce. Abin da ya faɗa wa 'yan sanda gaskiya ne, firintar ta saba lalacewa. A nan ciwon yake. Duk wurin aikin da na'urori ke yawan tsayawa ba dalili, a gyara su ba a tambayi me ya tsayar da su ba, to ana koya wa ma'aikata darasi kullum ba tare da an sani ba: lalacewa ba labari ba ce. Yau kwamfuta ta mutu ta tashi, gobe lambar sirri ta ƙi shiga sau biyu ta shiga a na uku, jibi wani saƙo ya ɓace. Kowa ya ɗaga kafaɗa ya ce ai haka take yi. Mu da muka saba jin "babu netwok" a gaban kanta a banki mun san wannan ɗaga kafaɗa sarai. Ranar da ɓarawo ya kashe na'urar da hannunsa, ba wanda zai bambanta wannan mutuwa da ta jiya. Sabo ya rufe idon mutanen kirki masu ƙwazo, kuma waɗanda suka bari sabon ya kafu su ne shugabannin da ba su taɓa cewa a rubuta kowace tangarɗa a binciki sanadinta ba.

A Niyok, abin ya fara da alamar tsira. An mayar da duka umarnin 35 saboda ba a cika su bisa ƙa'ida ba, an bar sunayen bankunan da kuɗin za su bi ta cikinsu. Ɓarayin suka gyara suka sake aikowa, biyar suka wuce. Akwai abubuwan da ya kamata su sa a dakata. Bankin da bai cika aika fiye da umarni biyu a rana ba ya aiko 35 a wuni guda, kuma yawancinsu ga ɗaiɗaikun mutane za a biya, abin da babban bankin ƙasa bai saba yi ba. Abin da ya fara tsayar da sauran 30 ɗin kuwa sa'a ce tsagwaronta. Sunan titin da reshen RCBC yake, Jupiter, ya zo daidai da sunan wani jirgin dakon mai da kamfanin jiragen ruwa da Amurka ta sa wa takunkumi saboda hulɗa da Iran. Kwamfuta ta ga kalmar ta ware saƙonnin, aka kai su gaban mutane. Da idon mutum ya sauka a kansu sai aka ga ba su yi kama da na gaskiya ba. Ma'aikatan suka aika tambaya Daka ranar Alhamis, suka sake aikawa ranar Juma'a. Tambayoyin nan na cikin takardun da firintar ba ta buga ba.

Daga biyar ɗin da suka wuce, huɗu na dala miliyan 81 sun tafi asusun nan na RCBC, ɗaya kuwa na dala miliyan 20 ne zuwa ga wata ƙungiya mai suna Shalika a Sirilanka. Wajen rubuta sunan ƙungiyar da Turanci ɓarayin suka yi tuntuɓe, suka sa "fandation" a maimakon "foundation". Deutsche Bank na Jamus, wanda kuɗin suka bi ta hannunsa, ya nemi bayani. A can Sirilanka ma, ma'aikatan bankin Pan Asia sun ga kuɗin sun yi wa ƙaramar ƙungiya irin wannan yawa, suka ƙi sakin su har sai sun ji daga sama. Aka riƙe kuɗin, daga baya aka mayar wa Bangaladesh su cif.

An fi ba da wannan ɓangare na labarin a matsayin abin dariya, wai kuskuren rubutu ya tona asirin ɓarayi. Ni abin da na gani a ciki daban ne. Kuskuren rubutu a takardun banki ba sabon abu ba ne, kullum ana yi, kullum ana wucewa. Abin da ya dawo da dala miliyan 20 shi ne an samu ma'aikacin da ya ga abu bai kwanta masa ba ya tsaya, kuma yana aiki a inda tsayawar ba za ta jawo masa faɗa ba. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, amma sai in an bar shi ya yi tambayar. Akwai ofisoshi da yawa da ƙaramin ma'aikaci ba zai iya riƙe takardar miliyoyi ya ce zai bincika ba, don za a ce yana ɓata wa babban abokin ciniki rai.

Ranar Asabar ma'aikatan Daka suka dawo kan firinta. Wannan karon manhajar SWIFT ɗin ma ta ƙi tashi, tana nuna cewa wani fayil ya ɓata ko an sauya shi. Sai bayan tsakar rana suka samu wata hanyar buga saƙonnin, takardu suka fara fitowa, suka ga tambayoyin Niyok a kan biyan da ba su san da shi ba. Hankali ya tashi. Sai kuma wani giɓin ya bayyana: babu wanda ke da lambar wayar gaggawa. Daga shafin intanet na bankin Amurka suka nemo adireshi da lambobi, suka aika imel, suka buga waya, suka tura fakis. Asabar ce, ba wanda ya ɗauka. Bankuna biyu da ke da amanar biliyoyin daloli a tsakaninsu ba su taɓa zama sun amsa wannan 'yar tambaya ba: in wuta ta tashi ranar hutu, wa za a kira? Sai bayan wannan sata bankin Niyok ya buɗe layin gaggawa mai aiki dare da rana don masu ajiya a wurinsa.

Ranar Litinin aka samu aika wa RCBC saƙon a tsayar da biya. Manila tana bikin sabuwar shekara. RCBC ta ce daga baya saƙonnin sun zo ne a matsayin na yau da kullum, ba a yi musu alamar gaggawa ba, don haka suka bi layi da sauran ɗaruruwan saƙonni. Ranar Talata, 9 ga wata, aka kwashe mafi yawan abin da ya rage na dala miliyan 81 daga asusun nan huɗu.

A nan labarin ya bar sakaci ya shiga wani abu. Asusun da suka yi wata tara da dala 500 sun wayi gari da miliyoyi, aka fitar da kuɗin cikin kwanaki. Da Majalisar Dattawan Filifins ta zauna a watan Maris, an shaida mata cewa kyamarorin tsaro na reshen ba sa aiki a waɗannan ranaku, kuma wani ma'aikacin reshen ya ce da idonsa ya ga an sa tsabar kuɗi peso miliyan 20 a motar manajar reshen. Ita manajar ta musanta laifi, ta ce umarnin na sama da ita ta bi. Da ɗan gari akan ci gari. Sai dai ɗan garin ba ya cin nasara shi kaɗai, yana buƙatar waɗanda suka gani su kau da kai, ko don tsoro ko don ganin cewa maganar manya ce. Ma'aikatar da ba ta buɗe wa ƙaramin ma'aikaci wata ƙofar kai ƙara ba sai ta hannun shugabansa, ta ɗaure shi ranar da shugaban ne abin kai ƙara.

Wani kamfanin canjin kuɗi mai suna Philrem ya mayar da kuɗin peso, mafi yawansu suka shiga gidajen caca, ciki har da Solaire da Midas. A lokacin dokar hana halatta kuɗin haram ta Filifins ba ta shafi gidajen caca ba. Kuɗi in sun hau teburin caca sun sauka, sawunsu ya ɓace.

Shirun da ya fi ba ni takaici a labarin nan shi ne na sama. Gwamnan bankin, Atiur Rahman, mutum ne da ake girmamawa, ɗan talakawa da ya yi kiwon shanu yana yaro, ya zama masanin tattalin arziki mai kishin manoma da marasa ƙarfi. Da labarin ya iske shi, ya ɗauko ƙwararru daga waje su bincika a asirce, yana fatan a dawo da kuɗin kafin magana ta fita. Bai sanar da ministan kuɗi, Abul Maal Abdul Muhith, ba. Ranar 29 ga Fabrairu jaridar Philippine Daily Inquirer ta fasa ƙwai a Manila, daga nan labarin ya iso Daka, ministan ya fito fili ya ce ba a gaya masa ba. Ranar 15 ga Maris gwamnan ya ajiye aiki, aka sauke mataimakansa biyu. A ranar ne kuma aka kai ƙara ofishin 'yan sanda, kusan kwana 40 bayan satar. Ban yi zaton mugun nufi ya sa shi ɓoyewa ba. Amma in shugaba ya ɓoye wa na sama da shi asarar dala miliyan 81, da wane baki zai ce wa akawu ya zo ya faɗa in ya latsa abin da bai kamata ba? Na ƙasa suna kwaikwayon abin da na sama ke yi ranar kunya, ba sa kula da abin da yake faɗa a taron bita.

Kuma ba Bangaladesh kaɗai ta yi wannan shirun ba. A Janairun 2015, watan da imel ɗin Rasel Ahlam ya iso Daka, an sace kimanin dala miliyan 12 daga Banco del Austro na ƙasar Ikwado ta hanyar saƙonnin SWIFT na jabu. Ba a sanar da SWIFT ba, duniya ba ta ji ba sai a Mayun 2016, ta takardun wata shari'a. A ƙarshen 2015 an gwada irin wannan a bankin Tien Phong na Biyetnam, a kan kuɗi sama da yuro miliyan ɗaya, ma'aikatan suka gano suka tare. Shi ma sai a Mayun 2016 aka ji. Kowane banki ya rufe nasa don kare suna, ɓarayi kuwa suka ci gaba da amfani da dabara guda a kan mutanen da ba wanda ya gargaɗe su.

Bayan an yi asarar aka tashi gyara. A 2016 SWIFT ta fito da shirin tsaro da ya wajabta wa duk bankin da ke amfani da ita cika wasu sharuɗɗa, ya kuma tabbatar a rubuce kowace shekara cewa ya cika. Raba kwamfutocin SWIFT da sauran na ofis yana ciki, shirin abin da za a yi in an samu kutse yana ciki, horar da ma'aikata da wayar musu da kai yana ciki. Sharuɗɗan sun hau kan bankunanmu kamar yadda suka hau kan na Daka. Abin da nake jin tsoro shi ne horon ya koma sa hannu a takardar halarta sau ɗaya a shekara. Wanda ke shugabantar ofis, banki ne ko asibiti ko ma'aikatar gwamnati ko kamfanin mutum goma, zai iya gwada gidansa da abubuwan da suka faru a wannan labari. Ya tambayi masinja da akawu da sakatariya, kowa shi kaɗai, wa za su kira in sun ga abin da bai yi musu ba da daren Juma'a, ya ji ko amsar za ta zo ɗaya. Ya duba yaushe rabon da wani ya zo da kansa ya ce na yi kuskure, da abin da aka yi masa da ya zo. In shekara ta wuce ba wanda ya kawo rahoton komai, kada ya yi murna, domin ba a shekara ba a yi kuskure ba.

A Satumbar 2018 Amurka ta tuhumi wani ɗan Koriya ta Arewa mai suna Park Jin Hyok da hannu a satar, ta ce yana cikin gungun 'yan kutsen gwamnatin ƙasar da aka fi sani da Lazarus, waɗanda ta ɗora wa harin kamfanin fim na Sony a 2014 da annobar manhajar WannaCry a 2017. Koriya ta Arewa ta musanta. Wanda ke ganin abin ya yi mana nisa ya tuna da ɗan Najeriyar nan Ramon Abbas, wato Hushpuppi. Cikin abubuwan da ma'aikatar shari'ar Amurka ta danganta shi da su akwai haɗa baki don halatta kuɗin da 'yan kutsen Koriya ta Arewa suka sata daga wani banki a Malta a Fabrairun 2019. A Nuwambar 2022 aka yanke masa ɗaurin shekara 11 da wata uku.

A Filifins, babban bankin ƙasar ya ci RCBC tarar peso biliyan ɗaya a Agustan 2016, tarar da ba a taɓa cin wani banki irinta ba a ƙasar. A 2017 aka gyara doka ta haɗa da gidajen caca. A Janairun 2019 kotu ta samu manajar reshen titin Jupiter da laifuka takwas na halatta kuɗin haram, kowanne da ɗaurin shekara huɗu zuwa bakwai. Daga dala miliyan 81 ɗin, kimanin miliyan 15 ne suka koma Daka a ƙarshen 2016, waɗanda wani dillalin 'yan caca mai suna Kim Wong ya miƙa wa hukuma.

A Bangaladesh, gwamnati ta naɗa kwamitin bincike ƙarƙashin wani tsohon gwamnan bankin, Mohammed Farashuddin, ya miƙa rahotonsa ranar 30 ga Mayu 2016. Ministan kuɗi ya yi alkawarin za a fitar da shi jama'a su karanta. Har ya bar kujerar a Janairun 2019 ba a fitar ba. A ƙarshen wannan watan ne Babban Bankin Bangaladesh ya shigar da ƙarar RCBC a wata kotun Niyok, yana neman sauran dala miliyan 66.